Ƙofar da ke Kallon Gabas

Dare na goma sha ɗaya ke nan barci ya yi mini yaji.
Ina kwance a hawa na huɗu, a Flagstaff,
ina ƙirga jiragen ƙasa da ke tsaga garin,
kowanne da kukansa, babu mai zuwa Chinle.

Ranar Talata aka yaye farin ƙyalle
daga kan wani dattijo da ba mu san sunansa ba.
Malami ya ce, ku matso, ga littafinku na bana.
Kowa ya matsa. Ni ma na matsa.
A gidanmu ba a taɓa mamaci,
ko sunansa ba a ɗauka a baki.
Na riƙe aska, hannuna bai yi rawa ba,
na ci maki mai kyau,
na dawo ina wanke hannu har fata ta tsage.

A ofishin shawara aka miƙo mini takarda:
daga ɗaya zuwa biyar, ina damuwarka ta tsaya?
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gurbin da aka rubuta
na tsallake abin da kakata ta hana.
Na zagaye uku. Uku ba ta jawo tambaya.
Matar mai kirki ce, ba zan ci haƙƙinta ba,
sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni kuwa na rasa harshen da zan nuna mata rufin.

Orlanda ce ta gan ni zaune gaban faranti,
cokali a hannu, shinkafa ta huce.
Ba ta ce komai ba. Ta ja hannun rigata
har ƙarshen wata doguwar baranda,
ɗaki ɗaya tak da ƙofarsa ke kallon gabas.

Wata tsohuwa a ciki, Lorencita Etsitty,
tana dama kunun shuɗiyar masara da 'yar toka.
Ba ta ce me ke damunka ba.
Ta ce, ɗan wane dangi ne kai?
Na lissafa huɗun, muryata na tuntuɓe,
na uwa, na uba, na kakanni biyu.
Ta ajiye ludayi ta kwashe da dariya:
ashe jikana ne ke yawo da yunwa a garin nan!

Ta kunna ganyen al'ul a cikin kasko.
Shekara biyu, in ji ta, tana rubuta wasiƙu
kafin hukumar makaranta ta yarda da hayaƙin nan.
Ya shiga gashina, ya shiga aljihuna.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na faɗa mata dattijon, da askar, da ruwan zafi,
da daren da na tsaya a bakin titin jirgi
na daɗe fiye da yadda ya kamata.

Nan ta daina murmushi.
Ta ce, Delwin, da ƙafa biyu ake tafiya.
Hutu na zuwa, akwai mai waƙar magani a Lukachukai,
zan kira shi. Amma Alhamis za ka ga likita,
ni zan raka ka, na zauna a waje da saƙata.
Malaminka kuma, bar ni da shi.

Ban warke ba. Kada a ce na ce.
Jiya dai na yi barcin awa huɗu,
da asuba na yi gudu na fuskanci gabas,
ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmina.

Kakata ta hau tudun da waya ke kamawa,
iska na cinye rabin maganarta.
Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu,
ɗayan ya ƙi tsayuwa, ta sa shi kusa da murhu.
Ta ce, yau da safe ya sha nono.
Sannan ta ce, kai fa, ka ci abinci?